Mashin Ba Boka Ba Ne: Abin Da Mai Mota Da Mai Gyara Ya Kamata Su Sani Game Da Sensa Da Wayarin

Duk wanda ya san Kumasi ya san Magazin ta Suame, inda ƙarar guduma da tartsatsin walda ba sa yankewa tun daga hantsi har magariba. Sunan ya samo asali ne daga wani tsohon rumbun makamai na zamanin Turawa, wurin da masu gyaran suka fara zama kafin a mayar da su Suame. An daɗe ana yi wa wurin kirari cewa motar da ta shiga a jaye za ta fito da ƙafarta. 'Ya'yan zango da yawa daga Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Tafo a nan suka koyi sana'a, da ita suka yi aure, da ita wasu suka sauke farali. Haka abin yake a Akra, tsakanin Kokompe da kasuwar kayan mota ta Abossey Okai.

To amma motar da iyayenmu suka ƙware a kanta ba ita ce ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema yau ba. Tun da Gana ta koma tuƙi a hannun dama a 1974, motocin Amurka da na Turai suka zama daidai da hanyoyinmu. Yanzu Corolla, Camry, Elantra, Civic da ƙananan Kia sun cika gari, kuma babu kafireto a cikin ko ɗaya. Kwamfuta ce ke raba mai, ita ce ke ba fulogi wuta. Idan wani abu ya ɓaci sai wata fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kunnu a gaban direba.

Daga nan mutanenmu suka rabu gida biyu. Akwai mai mota da zai ce, “A sa ta a mashin kawai,” yana ganin mashin ɗin boka ne da zai faɗi sunan abin da ya lalace. Akwai kuma masta da ke ganin mashin wasan yara ne, ko kuma ya saye shi don goge fitila kaɗai. Dukansu biyu asara suke yi: wannan kuɗinsa ke tafiya, wancan kwastomominsa. Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, kuma da yawa cikin yaran da suka bi ta ajina a gareji suke yanzu. Abin da na gani a wurinsu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Fada da 'yan aike

Ƙwaƙwalwar mota, wadda a Magazin ake kira kwantrol bod, kamar sarki ce a fada. Ba ta fita ta ga komai da idonta, labari ake kawo mata, a kansa take yanke hukunci. Masu kawo labarin su ne sensa.

Akwai sensar iska, tana zaune a bayan matatar iska. A cikinta akwai wata siririyar waya da ake zafafawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake gane yawan iskar da inji ya shaƙa. Akwai sensar zafin ruwa, mai faɗa wa ƙwaƙwalwa ko inji ya ɗumama ko bai ɗumama ba. Akwai sensar totur, mai nuna yadda direba ya taka. Akwai sensar kurankishaf, mai faɗin inda fistin yake da kuma saurin juyawar inji. In ta yi shiru, yawancin motoci ba za su ba da wuta ko mai ba sam. Sai kuma sensar iskar oksijin da ke jikin salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Abin da ƙwaƙwalwa ke nema a injin fetur shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi.

Idan labari mara daɗi ya iso fada, abu uku ne zai iya faruwa. Ko ɗan aiken ne ya rikice yana faɗin abin da ba shi ne ba, ko hanyar da yake bi ce ta lalace, wato waya ko soket, ko kuma gaskiya ya faɗa, akwai matsala a gari. Aikin mai gyara shi ne ya gane wanne ne cikin ukun. Wanda ya canza sensa don kawai sunanta ya fito a mashin, ya sallami ɗan aike ne bai je ya duba garin ba.

Me mashin ɗin yake faɗa?

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai wani soket mai ramuka 16. Tsarin ana kiransa OBD-II. Amurka ta wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun daga ƙirar 1996, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, na dizal suka biyo baya. Shi ya sa mashin ɗaya ke iya magana da Toyota, ya yi da Hyundai, ya yi da Ford.

Abin da mashin ke fitarwa lamba ce mai harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan alƙalamin farko 0 ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota; idan 1 ne, ta kamfanin da ya ƙera motar ce, sai an duba littafinsa. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta. P0335 na nufin akwai matsala a layin sensar kurankishaf. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. P0420 na nufin matatar hayaƙi ba ta aiki yadda ya kamata.

A lura da kyau: babu ko ɗaya cikinsu da ta ce “canza kaza”. P0301 na iya zama fulogi, na iya zama koyil, na iya zama injekta, na iya zama bawul ya ƙone. Mai hankali zai cire koyil ɗin silinda ta ɗaya ya musanya shi da na ta biyu, ya tayar da mota. In lambar ta koma P0302, koyil ne. In ta tsaya a inda take, sai a duba gaba. Minti goma ne, ba a sayi komai ba.

Mashin kuma ba lamba kaɗai yake nunawa ba. Yana nuna abin da kowace sensa ke faɗa a daidai lokacin da inji ke aiki, yana kuma ajiye hoton halin da mota ke ciki a sa'ar da fitila ta kunnu: saurin inji, zafin ruwa, gudun mota. A nan ainihin amfaninsa yake. Wanda ya yi gaggawar goge lamba kafin ya karanta wannan, ya share shaida da hannunsa. Akwai manyan mashina irin su Launch da Autel, akwai kuma ƙaramin nan ELM327 da ake haɗawa da wayar salula. Ƙaramin ma yana nuna waɗannan alƙaluma na inji a yawancin motoci. Saura dai wanda zai iya karanta su.

Corolla da aka canza wa sensa sau biyu

Wata Asabar na leƙa garejin da wani tsohon ɗalibina yake aiki. Ya gama sakandaren fasaha kafin ya shiga hannun mastansa, dattijo da ya shafe fiye da shekara talatin yana kwance inji. Na tarar da wani Alhaji ɗan kasuwa tsaye kan Corolla, ransa a ɓace. Motar tana rawa idan ta tsaya, fitila a kunne, lamba P0171. A wani wuri an canza masa sensar oksijin har sau biyu, an canza fulogi, yanzu kuma an ce famfon mai ne.

“Masta, ni dai a canza famfon in huta,” in ji Alhaji.

Dattijon ya ce, “Alhaji, yi haƙuri yaron nan ya duba tukuna. Kuɗinka ba za su gudu ba.”

Yaron ya haɗa mashin, ya wuce lambar, ya buɗe wurin da ke nuna gyaran mai, wato kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa a kan man da ta saba bayarwa. A mota mai lafiya abin ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Wannan tana ƙara fiye da kashi 20 a tsaye. Ya taka totur inji ya kai juyi 2,500 a minti, sai adadin ya sauko kusa da daidai.

Ya juyo ya ce mini, “Ticha, ka gani? Da famfo ne, in na taka abin ƙaruwa zai yi, don a lokacin ne inji ya fi neman mai. Wannan raguwa ya yi. Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya.”

Lissafin a fili yake. Idan inji na tsaye iskar da yake shaƙa kaɗan ce, don haka 'yar iskar da ta kutso ta wani tsagi, wadda sensa ba ta ƙirga ba, tana da tasiri babba. In an taka, iska ta yi yawa, ta tsagin ba ta zama komai ba. Dattijon bai ko kalli mashin ba. Ya sunkuya ya kasa kunne, ya bi babban tiyon da ke tsakanin matatar iska da totur da yatsunsa, ya lanƙwasa shi, sai ga tsagi a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Aka sa wani tiyon, adadin ya dawo daidai. Sensar oksijin ɗin da aka cire tun farko lafiyarta ƙalau. Gaskiya take faɗa, ba a saurare ta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, aikin na mutum biyu ne. Yaron ya karanta alƙaluma ya ce iska ce. Dattijon ya san inda tiyon irin wannan motar ke tsagewa. Babu wanda zai ce bai buƙatar ɗaya.

Mita kafin mashin

Akwai na'urar da ta fi mashin arha nesa ba kusa ba, kuma ta fi shi yawan amfani: mitar awon lantarki, wadda ke auna volt da om da amfiya. Kowane bincike da batir ya kamata ya fara, domin batir mai rauni yana sa kwamfutocin mota su yi ta fitar da lambobin da ba su da tushe.

Batir mai cikakken caji, in mota ta huta, yana nuna kusan volt 12.6. In ya nuna 12.2 ya kai rabi. Lokacin da ake tayar da inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji na aiki, altaneta mai lafiya tana ba da tsakanin 13.5 da 14.5 a yawancin motoci. Waɗannan alƙaluma huɗu kaɗai sun isa su raba gardamar “batir ne ko altaneta ce” da ake yi kullum a bakin gareji.

Sai batun da na fi so, don darasin da nake koyarwa ne a aji: dokar Ohm, wato volt daidai yake da amfiya sau om. Yara na haddace ta don jarrabawa su manta. Ga amfaninta. Sitata na jan wajen amfiya 200 idan tana juya inji. A ce tsatsa ta kama kan batir ko wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin mota, ta kawo tirjiya ta om 0.01 kacal. Ninka 200 da 0.01, ka samu volt 2. Volt biyu ke nan suka salwanta a wurin tsatsar kafin wuta ta isa sitata. Mota za ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, a ce sitata ce, a ce batir ne, alhali goga da sifana ne maganin.

Ita kuwa om 0.01 mita ta gama-gari ba ta iya ganinta. Shi ya sa gwajin nan da ake yi, a taɓa waya baki da baki mita ta yi ƙara a ce “waya lafiya”, yake yaudarar mutane. Wayar da silinta ɗaya ya rage za ta sa mita ƙara, amma ba za ta ɗauki kaya ba. Hanyar da ta dace ita ce a auna volt tsakanin farkon waya da ƙarshenta a lokacin da take aiki. In abin da ya ɓace a hanya ya doshi rabin volt ko ya wuce, an samu wurin.

Haka ma motar da ke kwana lafiya ta tashi batir ya mutu. Ana cire kan batir na at, a sa mita a tsakani a ma'aunin amfiya, a rufe komai a jira kwamfutocin su yi barci, wanda kan ɗauki mintoci. Abin da mota ke sha tana kwance bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba a yawancin motoci. In ya wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗi. Sau da yawa rediyo ne ko na'urar bibiyar mota da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba.

Gwaje-gwaje uku da ke ceton kuɗi

Na farko gwajin safiya ne. Mota ta kwana ba a tayar ba, a murɗa makulli, a duba zafin ruwa da zafin iska a mashin. Tunda komai ya huce, dole su zo kusa da juna, kusa kuma da zafin garin. In gari yana digiri 26 amma sensar ruwa ta ce 5, akwai magana. Irin wannan sensar tirjiyarta raguwa take yi in ta yi zafi: a motoci da yawa tana tsakanin om 2,000 da 3,000 a digiri 20, ta sauko zuwa ɗaruruwa kaɗan in inji ya ɗumama. Tsatsa a soket tana ƙara tirjiya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu inji da sanyi, ta ci gaba da zuba mai. Mota ta yi ta shan fetur, fulogi ya yi baƙi, kuma mai yiwuwa babu fitilar da za ta kunnu, don adadin bai fita daga abin da ƙwaƙwalwa ke iya yarda da shi ba. In kuwa ka ga digiri 40 ƙasa da sifili a Kumasi, waya ce ta tsinke ko soket ya zare.

Na biyu, motar da sitata ke juyawa amma ta ƙi kamawa. Kafin a sauke tanki, a dubi saurin inji a mashin ana murɗa makulli. Ya kamata a ga juyi wajen 200 a minti. In sifili ne, labarin kurankishaf ba ya isa fada. Wata sensar kuma sai ta yi zafi take ɗaukewa: mota ta mutu a cunkoson Kejetia, ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Irin wannan sai na'urar da ke zana siginar lantarki a allo, wato osiloskof, ita ke kama ta, domin mita jimilla take nunawa, ba ta ganin ɗaukewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Na uku, idan lambobi huɗu ko biyar suka fito lokaci ɗaya, na sensa daban-daban. Da wuya sensa biyar su mutu rana ɗaya. Ƙwaƙwalwa tana ba wasu daga cikinsu volt 5 ta layi guda. In ɗaya ta haɗe a ciki sai ta ja layin ƙasa, sauran duk su rikice. A sa mita a layin, a riƙa zare soket ɗaya-ɗaya. Wadda aka zare volt 5 ya dawo, ita ce. A nan ne ake yawan yanke wa kwantrol bod hukuncin kisa ba laifinta. Kafin a ce ta ƙone, a tabbatar wuta na isa gare ta, at ɗinta kuma lafiya. Sabuwa ba kuɗin saye kaɗai take ci ba, sau da yawa sai an sake daidaita ta da makullin motar.

Al'adun da ke kashe motar zamani

Akwai abubuwan da aka gada daga zamanin kafireto waɗanda yau ɓarna ce zalla. Cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta yana iya tura wutar da za ta ƙona kwamfuta. Mita na yin wannan gwajin cikin daƙiƙa biyar. Yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, haka. Ɗaure fiyus da waya ko takardar sigari kuwa, cire mai gadi ne a bar ƙofa buɗe: maimakon fiyus ya ƙone, wayarin ne zai ƙone.

Cire tamostat da sunan “ƙasarmu da zafi” shi ma ya zama ruwan dare. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90 ko sama kaɗan. In ba tamostat yana daɗewa bai kai nan ba, mai kuma ya yi ta tafiya. In mota na zafi, a duba lagireto, fanka da famfon ruwa. Haka fasa matatar hayaƙi, mai kama da saƙar zuma a cikin salansa, wadda wasu ke cirewa saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinta irin su filatinam. Bayan an cire sai P0420 ta zauna daram, hayaƙin kuma 'ya'yanmu ne ke shaƙa a lungunan zango.

Wanke inji da ruwa mai ƙarfi yana cusa danshi cikin soket. Ƙurar hunturu kuma, in matatar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba, tana lulluɓe siririyar wayar sensar iska. Ana wanke ta da maganin feshi da aka yi dominta, ba a taɓa ta da hannu.

Abu biyu kuma batun rai ne. Soket mai ruwan ɗorawa galibi na jakar iskar kariya ce, ba a cusa masa fitilar gwaji ko mita, tana iya fashewa a fuskar mutum. Wayoyi masu ruwan lemo a motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, suna ɗauke da volt wajen 200 ko fiye. Wanda ba a koya masa ba, kada ya kusance su.

Ga mai mota

In za ka sayi mota, murɗa makulli kada ka tayar. Fitilar inji dole ta kunnu, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kunnu ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta. Ka sa a haɗa mashin a duba gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta. In yawancinsu sun nuna ba su kammala ba, ba a daɗe da goge lambobi ko cire batir ba, sai ka tambayi dalili. Ka ɗaga kafet ka duba laka, ka zare soket ɗaya ko biyu ka duba kore-koren tsatsa, domin cikin motocin da ake gwanjonsu a waje akwai waɗanda ambaliya ta ci, kuma ciwonsu a hankali yake fitowa.

In fitila ta kunnu ta tsaya, kana da lokacin kai mota gareji. In tana ƙyaftawa, inji na tsallake wuta sosai, rage gudu ka nemi wurin tsayawa. A gareji kuma tambaya uku ta ishe ka: wace lamba ce ta fito, me aka auna, nawa awon ya nuna? Ka rubuta lambar, ka karɓi tsohon abin da aka cire. Ka kuma yarda ka biya kuɗin bincike. Mu ne muke ƙin biyan wanda ya ɓata awa biyu ya gano waya ɗaya, amma mu biya wanda ya canza kaya huɗu bisa zato ba tare da ƙorafi ba. Da haka muke koya wa masu gyara cewa canji ya fi awo riba. Shi ma mai gyara ya tuna mota amana ce a hannunsa, kuɗin da aka karɓa a kan zato kuma akwai tambaya a kansu gobe.

Ga iyaye da masu unguwa

A zango mun saba, yaron da karatu ya yi wa nauyi sai a ce a kai shi Magazin. A da wannan ya yi aiki, don ido da kunne da ƙarfin hannu sun wadatar. Yau duba abin da ke cikin wannan rubutu: kashi cikin ɗari, alƙaluma masu ɗigo, lamba ƙasa da sifili, taswirar wayarin, da bayanin mashin da ke fitowa da Turanci. Duk abubuwan da ake koyarwa ne kafin jarrabawar BECE. Yaron da aka cire daga aji kafin ya iya su, zai shekara yana wanke kayan inji da miƙa sifana, wani kuma ya zo da kwamfuta a jaka ya karɓi kuɗin aikin cikin rabin awa.

Hanya a buɗe take. Tun 2017 sakandare kyauta ce a Gana, har da makarantun fasaha. Akwai Kumasi Technical Institute, akwai Accra Technical Training Centre, akwai irinsu a sauran yankuna. Yaro ya gama ƙaramar sakandare, ya yi fasaha in hali ya yi, sannan ya shiga hannun masta ya koyi abin da littafi ba ya koyarwa. Waɗanda suka riga suka shiga gareji kuma ba su makara ba. Ajujuwan makarantunmu na Islamiyya a rufe suke bayan isha'i, malaman lissafi da kimiyya kuma muna nan cikin unguwa. Ƙungiyar matasan zango ɗaya za ta iya sayen mita biyar, tsohon batir, ƙwan fitila da 'yan wayoyi, a zauna dare biyu a mako. Cikin wata uku yaro zai iya auna batir, ya bi waya, ya karanta lamba ya san abin da ba ta faɗa ba. Ina roƙon sarakunan zango da limamanmu su sa baki a wannan, mastoci kuma su riƙa sakin yaransu da wuri a waɗannan darare biyu. Allah Ya sa albarka a sana'ar hannu, Ya kiyaye mu a kan hanya.